Duse Muhammad Ali: Mawallafi Kuma Editan Mujalla

Ya kai mai karatu, idan ka ɗauki mujalla, abin da idonka yake fara gani shi ne hotuna da kanun labarai. Da wuya ka tsaya ka tambayi kanka ko wane ne ya tattara waɗannan rubuce-rubuce, ko kuma wane ne ya biya kuɗin takarda da tawada. Akwai mutum biyu da ke bayan kowace mujalla. Na farko shi ne edita, wanda yake zaɓen abin da za a buga, ya gyara shi, ya tsara shi. Na biyu shi ne mawallafi, wanda yake ɗaukar nauyin bugawa da sayarwa. A wannan darasi za ka karanta tarihin wani mutum da ya haɗa ayyukan nan biyu a kansa. Ya fara su a birnin Landan a shekarar 1912, ya ƙare su a birnin Ikko, wato Legas. Sunansa Duse Muhammad Ali.

Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a karanta shi ne zamanin da ya yi aikinsa. A lokacin nan kusan dukan ƙasashen Afirka, da yawancin na Asiya, suna ƙarƙashin mulkin Turawa. Jaridun Turai su ne suke ba duniya labarin waɗannan ƙasashe, kuma da idon masu mulki suke kallon kome. Wanda ake mulka ba shi da inda zai faɗi nasa. Duse ya ƙarar da rayuwarsa wajen samar wa irin wannan mutum wurin magana.

Ƙuruciyarsa

Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, an haifi Duse a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar ranar 21 ga Nuwamba, 1866. Mahaifinsa hafsa ne a rundunar sojan Masar, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Sudan ce. Tun yana yaro aka aika da shi Ingila karatu a hannun wani Bafaranshe, abokin mahaifinsa, kuma daga wurin wannan mutum ya samo sunan Duse. Burin mahaifinsa shi ne ya zama likita.

A shekarar 1882 Ingilishi suka kai wa Masar yaƙi, domin su murƙushe sojojin da suka tashi ƙarƙashin Ahmad Urabi suna neman ƙasarsu ta fita daga hannun baƙi. Jiragen ruwan Ingila suka yi wa Iskandariyya ruwan wuta a watan Yuli, aka kuma ci rundunar Urabi a wani wuri mai suna Tel el-Kabir a watan Satumba. Duse ya ba da labarin cewa a wannan yaƙi mahaifinsa ya rasu, danginsa suka watse. Ke nan yana da shekara goma sha biyar ya wayi gari ba uba, ba mai biya masa kuɗin makaranta, ga shi a ƙasar mutanen da suka ci ƙasarsa da yaƙi. Maganar zama likita ta ƙare daga nan.

Daga dandamali zuwa alƙalami

Da yake dole ya ci abinci, sai Duse ya shiga wasan kwaikwayo. Ya yi shekaru masu yawa yana bin ƙungiyoyin 'yan wasa gari gari a Ingila, har ya ƙetara Amurka. Ya zauna a garin Hull, inda aka san shi da son wasannin Shakespeare. Amma akwai abin da ya riƙa ci masa rai. Saboda launin fatarsa, yawanci matsayin bawa ko na mugun mutum ake ba shi ya fito a ciki. Ka ga tun a dandamali ya fahimci cewa wanda ya rubuta labari shi yake yanke yadda za a nuna kowa.

Sannu a hankali sai ya karkata ga rubutu. Wajen shekarar 1909 ya fara rubuta maƙaloli a wata mujallar Landan mai suna The New Age. A shekarar 1910 tsohon shugaban Amurka, Theodore Roosevelt, ya yi jawabi a Landan yana ƙarfafa wa Ingilishi gwiwa su ci gaba da riƙe Masar da ƙarfi. Wannan jawabi ya fusata Duse ƙwarai. Ya zauna ya rubuta littafi a kan tarihin Masar ta zamaninsa, mai suna In the Land of the Pharaohs, wato a ƙasar Fir'aunoni, aka buga shi a shekarar 1911.

Da farko littafin ya sami yabo. Ba a daɗe ba sai aka gano cewa Duse ya kwashi sassa da dama daga littattafan wasu marubuta bai ambaci sunansu ba. Wannan shi ake kira satar fasaha, kuma ya zubar masa da mutunci a idon masana. Ya kamata ka lura da wannan, kai da kake koyon rubutu. Hujjar da ya kawo a kan mulkin mallaka tana da ƙarfi, amma ya ba abokan gābarsa sandan da za su doke shi da ita. Tabon bai rabu da sunansa ba har yau.

Haihuwar mujalla

A watan Yuli na 1911 aka yi wani babban taro a Landan, wanda ya haɗa masana da shugabanni daga jinsunan mutane dabam-dabam na duniya, domin su tattauna yadda za a zauna lafiya da juna. Duse yana cikin waɗanda suka taimaka wajen hidimar taron. Da aka watse sai ya ga cewa taron kwana huɗu ba zai isa ba. Mutumin Indiya bai san abin da yake damun mutumin Ikko ba, mutumin Ikko kuma bai san halin da baƙar fatar Amurka yake ciki ba, alhali kuwa ciwonsu iri ɗaya ne. Ana bukatar wani dandali na dindindin, wanda zai riƙa haɗa su kowane wata.

Ya sami wani ɗan kasuwa mutumin Saliyo, John Eldred Taylor, wanda ya yarda ya zuba jari. A watan Yuli na 1912 fitowa ta farko ta African Times and Orient Review ta shiga kasuwa. Ma'anar sunan ita ce mujallar al'amuran Afirka da ƙasashen Gabas. Ofishinta yana lamba 158 a titin Fleet, titin da manyan jaridun Ingila suke da ofisoshinsu a wancan zamani. Zaɓen wannan wuri ba banza ba ne. Duse yana so muryar waɗanda ake mulka ta fito daga tsakiyar birnin masu mulki, inda 'yan majalisa da ministoci ba za su ce ba su ji ba.

Me ke cikin mujallar? Akwai labaran siyasa daga Masar da Indiya da Turkiyya da Afirka ta Yamma da Afirka ta Kudu da tsibiran Karibiyan. Akwai tarihin manyan mutanen Afirka da na Asiya, tare da hotunansu cikin shiga ta mutunci, domin mai karatu ya ga irinsa a matsayin likita ko lauya ko attajiri. Akwai kuma shafukan ciniki, domin Duse ya yi imani cewa 'yancin siyasa ba zai tsaya ba idan manomin koko da mai sayar da manja ba su da iko a kan farashin kayansu.

Bulalar Zariya

Ga misali ɗaya da zai nuna maka amfanin irin wannan mujalla, kuma daga ƙasarmu ya fito. A shekarar 1912, a garin Zariya, wani jami'in mulki Bature ya sa aka yi wa wasu akawuna baƙar fata, ma'aikatan gwamnati, bulala a bainar jama'a. A da, irin wannan abu a inda ya faru yake mutuwa. Wanda aka zalunta ba shi da wurin kai ƙara sai ga wanda ya zalunce shi ko abokin aikinsa.

Wannan karon labarin ya isa titin Fleet. Duse ya buga shi, ya kuma ci gaba da bin diddiginsa. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, inda aka tambayi ministan da ke kula da ƙasashen mallaka abin da ya faru. Mujallar ba ta kawo ƙarshen bulala ba, ba ta kuma kawo ƙarshen mulkin mallaka ba. Abin da ta yi shi ne ta sanar da jami'in da ke can nesa cewa aikin da ya yi a ɓoye yana iya fitowa a takarda a babban birnin ƙasarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ba su da ƙuri'a.

Matsalar kuɗi

Sai dai mujalla ba ta rayuwa da gaskiya kaɗai. Ta hanya uku take samun kuɗi: sayar da kwafe a kasuwa, kuɗin waɗanda suka biya na shekara gaba ɗaya, da kuma tallace-tallace. Ka duba yadda kowace hanya ta kasance wa Duse. Masu karatunsa suna warwatse a nahiyoyi, sai jirgin ruwa ya yi makonni kafin ya kai musu mujalla, kuɗin ma sai ya yi makonni kafin ya dawo. Waɗanda suka iya karatun Turanci a ƙasashen nan ba su da yawa, kwafi ɗaya kuma yakan bi hannu da yawa ba tare da an ƙara biyan ko kwabo ba. Manyan kamfanonin Turawa kuwa, waɗanda suke da kuɗin talla, ba su da dalilin tallafa wa mujallar da take sukar yadda suke ciniki. A ɗaya gefen, mai maɗaba'a da mai gidan haya ba sa jira.

Tun a watannin farko jarin Taylor ya kasa. Da mujallar ta mutu a jaririya, ba don wasu 'yan bokon Afirka ta Yamma sun tara kuɗi sun cece ta ba. Cikinsu akwai lauya J. E. Casely Hayford na ƙasar da ake kira Gana a yau, da kuma Dakta Oguntola Sapara na Ikko. Ka ga tun daga nan Nijeriya ta shiga rayuwar Duse, shekara goma sha tara kafin ya zo ya zauna a cikinta.

Ofishin ya zama makaranta

Ofishin da ke titin Fleet ya wuce wurin aiki kawai. Ɗalibai da 'yan kasuwa da 'yan siyasa daga Afirka da Asiya, idan sun sauka Landan, can sukan nufa. A shekarar 1913 wani saurayi daga Jamaika ya sami ɗan aiki a wurin, irin na masinja. Yana kai saƙo, yana karanta abin da ya samu, yana sauraron hirar manya. A watan Oktoba na shekarar Duse ya buga masa wata maƙala a kan tsibiran Karibiyan. Sunan saurayin Marcus Garvey. Da ya koma Jamaika a 1914 ya kafa ƙungiyar UNIA, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin baƙar fata a tarihi. Wannan ma aikin edita ne: ya gane mai baiwa tun kafin duniya ta san shi, ya buɗe masa shafi.

Yaƙi da tuhuma

A farkon 1914 mujallar ta koma fita mako mako. A watan Agusta na shekarar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ta tsaya. Duse Musulmi ne, an kuma san shi da goyon bayan Turkiyya tun kafin yaƙi. Da Turkiyya ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus, sai hukumomin Ingila suka ɗauke shi abin tuhuma. 'Yan sandan ciki suka sa masa ido, aka hana shigar da mujallarsa Indiya da ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Ingila, wato aka raba ta da yawancin masu sayenta. Duk da haka ya farfaɗo da ita a 1917, ta ci gaba har 1918. A 1920 ya sake fito da ita da sunan Africa and Orient Review, amma ba ta wuce ƙarshen wannan shekara ba.

A 1920 ɗin ne ya fara taka ƙasar Afirka ta Yamma, ya ziyarci Ikko. Shekara ta gaba ya tafi Amurka da niyyar haɗa manoman Afirka da masu saye kai tsaye, ba tare da kamfanonin Turai sun shiga tsakani ba. Cinikin bai yi nasara ba. A can ya sake haɗuwa da Garvey, wanda a lokacin ya zama babban shugaba, ya yi aiki a ƙungiyarsa, ya kuma yi rubutu a jaridarta, Negro World. Wanda ya kasance maigida a Landan ya koma ma'aikacin tsohon masinjansa a New York. Daga baya ya zauna a birnin Detroit, inda ya kafa wata ƙungiyar Musulmi a 1926.

Tauraruwa mai wutsiya a Ikko

A shekarar 1931 Duse ya sauka a Ikko, yana da shekara sittin da huɗu, ba shi da dukiya. A irin wannan shekaru mutane da yawa hutu suke nema, amma shi sai ya koma sana'arsa daga tushe. Ya yi wa jaridun garin rubutu, irin su Daily Times. A 1932 ya shirya wani wasan kwaikwayo nasa a zauren Glover, wanda ya burge mutanen Ikko. A 1933 kuma ya kafa tasa mujalla mai fita mako mako, ya sa mata suna The Comet, wato tauraruwa mai wutsiya.

The Comet ta bambanta da yawancin jaridun Ikko na lokacin. Su sun fi mai da hankali ga rigingimun cikin gari, ita kuwa tana kallon Nijeriya baki ɗaya, tana kuma kawo labarin duniya. Tana ɗauke da gajerun labarai da waƙoƙi da sharhi. Duse ya buga wani ƙagaggen labarinsa a cikinta kashi kashi a 1934, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1937 da 1938. Kamar yadda ya yi a Landan, ya buɗe wa matasa shafukansa, malaman makaranta da akawuna da ɗalibai, waɗanda ba su da inda za su gwada alƙalaminsu. Cikin 'yan shekaru ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi karantawa a ƙasar.

A watan Nuwamba na 1937 Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot, jarida mai fita kullum, mai zafin harshe, wadda ta ja hankalin matasa. Zamani ya juya, Duse kuma ya tsufa. A ƙarshe The Comet ta koma jaridar kullum da sunan Daily Comet, ta kuma shiga hannun kamfanin Azikiwe.

Aikinsa na ƙarshe

Ranar 26 ga Agusta, 1944, aka yi taro a zauren Glover, wanda wata ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ta kira. A wurin aka kafa ƙungiyar da ta zama jam'iyyar NCNC, aka zaɓi Herbert Macaulay shugaba, Azikiwe kuma babban sakatare. Wanda aka ɗora a kujerar shugabancin taron shi ne Duse Muhammad Ali. Ba a Nijeriya aka haife shi ba, ba shi kuma da ƙabila a cikinta, amma shekarunsa da aikinsa sun sa kowa yana ganin girmansa.

Ya rasu a asibiti a Ikko ranar 25 ga Yuni, 1945, yana da shekara saba'in da takwas, a daidai lokacin da ma'aikatan Nijeriya suka shiga babban yajin aikinsu na wannan shekara. Jama'a masu ɗimbin yawa suka raka gawarsa maƙabartar Musulmi ta Okesuna. Makonni kaɗan bayan haka gwamnatin mallaka ta dakatar da Daily Comet tare da West African Pilot saboda goyon bayan da suka ba masu yajin aiki. Anthony Enahoro, wanda daga baya ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a majalisa a 1953, ya riƙe editan jaridar yana saurayi. A 1949 aka mayar da ita Kano, ta zama muryar matasa masu neman canji a Arewa. Ta haka aikin mutumin da ya buga labarin bulalar Zariya daga Landan ya iso ƙasar Hausa da ƙafarsa.

Idan ka auna rayuwar Duse da ma'aunin ciniki, za ka ce bai ci riba ba. Mujallarsa ta Landan ta tsaya sau uku, kasuwancinsa ya karye, ta Ikko ma ba a hannunsa ta ƙare ba. Yana kuma da laifinsa, kamar yadda ka gani. Amma ka tambayi kanka abin da akawunan Zariya za su yi da ba a sami wanda zai buga labarinsu ba, da kuma inda saurayin nan na Jamaika zai fara. Nan gaba idan ka buɗe mujalla, ko da ta makarantarku ce, ka duba shafin da aka rubuta sunan edita da na mawallafi, ka tuna nauyin da suka ɗauka kafin ta iso hannunka.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin edita da na mawallafi?
2. Me ya sa Duse ya buɗe ofishinsa a titin Fleet?
3. Kawo hanyoyi uku da mujalla take samun kuɗi, ka bayyana matsalar da Duse ya fuskanta a kowace ɗaya.
4. Mece ce satar fasaha, kuma wace illa ta yi wa Duse?
5. A ganinka, Duse ya yi nasara ko bai yi ba? Rubuta sakin layi ɗaya ka kawo hujjarka.